Daga Tasha Zuwa Cikin Gari: Rahoton Aikin Gyaran Hanyar Ƙafa

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Kwamitin da mai girma Dagaci ya kafa kan matsalar hanyar tasha ya yi zaman farko yau bayan la'asar, kuma ni aka ɗora wa rubutu. Zan riƙa ajiye bayanin aikin a nan saboda 'yan garinmu mazauna Kano, Legas da Fatakwal. Aljihunsu ne zai ɗauki kaso mai tsoka, don haka ya kamata su san abin da ake yi da kuɗinsu.

Ga waɗanda suka daɗe rabonsu da gida, hanyar da ake magana ita ce wadda ta taso daga tashar mota a bakin kwalta, ta bi ta bayan rumfunan 'yan hatsi, ta kurɗa tsakanin katangar firamare da kangon tsohon siton gyaɗa, ta wuce ta gefen kududdufi, ta ɓulle a dandalin ƙofar gidan Dagaci. Tafiyar minti goma ce. Da rana yaro ma shi kaɗai yake bin ta. Da zarar an idar da isha'i kuwa sai mai ƙarfin hali. Daga ƙarshen damina zuwa yau an ƙwace wayoyi a cikinta, an tare wani ɗan tireda da ya dawo daga kasuwar Gujungu a daren Lahadi aka raba shi da cinikinsa, 'yan matan Islamiyyar dare kuma sun koma zagayawa ta kwalta suna gogayya da tirelolin da ke nufar Maigatari. Duhun da Arewa ta shiga a ƙarshen Oktoba, lokacin da babban layin wuta ya lalace aka fi mako guda babu lantarki, shi ya kai mutane bango, ko da yake mu nan da ma wutar ba ta saba da mu ba.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Wasu suka ce a ƙara 'yan sintiri, wasu suka ce a tashi majalisar samarin bakin tasha, mafi yawa suka ce fitila. Shugaban 'yan sintiri bai ɓoye komai ba: mutanensa kaɗan ne, manoma ne da ke wuni a gona, kuma ɓarawo tun daga nesa yake hango tocilarsu ya lafe, su wuce ya fito. Tsananin hukunci ma shi kaɗai bai wadatar ba. A Kano an ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami tun 2023, kuma har yau ba a daina ba. Aka tashi a kan cewa kafin a kashe ko kwabo, sai mun taka hanyar da ƙafarmu da daddare.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2024

Mu maza mun bi hanyar a daren Alhamis, muka dawo da jerin wurare masu duhu, kududdufi a kan gaba. Wani ɗan garin nan da ke karatun tsara birane a jami'ar Wudil ya duba takardar ya ce da saura, domin waɗanda suka fi tsoron hanyar ba a ji ta bakinsu ba. Ya ba mu labarin wani tsari da aka faro a Toronto ta Kanada a 1989, inda mata ke zagaya unguwarsu da kansu suna nuna inda gabansu ke faɗuwa da abin da ya sa, daga baya shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na tsaron birane ya kai tsarin har Darussalam ta Tanzaniya. Sai da Liman ya sa baki magidanta suka amince. Jiya bayan magariba ungozoma, malamar Islamiyya, Inna mai ƙosan tasha da wasu 'yan mata masu talla suka bi hanyar, mu muna biye daga nesa.

Abin da suka nuna ya sha bamban da namu. Kududdufi bai dame su ba, tunda fili ne, kana hango mai tahowa. Su kwanar sito ce ta tsaya musu a rai, inda katanga biyu suka matse hanya har mutum biyu ba sa jerawa, kuma ba ka ganin abin da ke bayan kwanar sai kun yi kiciɓis. Sai bayan ban-ɗakin kasuwa, sai wani ɗan lungu da ba ya ɓullewa, wanda za a iya fizgar mutum a shige da shi. Na ce, "Inna, to in an kafa fitila a nan fa?" Ta ce, "Ɗan nan, duhu ai ba baƙonmu ba ne, a cikinsa muka girma. Ni wurin da zan yi ihu ba mai ji na nake tsoro. Dubi nan, duk bayan gidaje ne, ko ƙofa ɗaya ba ta kallon hanya." Muka duba, haka abin yake. Daga rumfar ƙarshe ta 'yan hatsi har kududdufi babu zaure, babu taga, babu dakali.

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Gayya ta yi kyau. Tun da sanyin safiya samari suka fito da adduna, da cebur, da manjagara, masu amalanke biyu suka ba da shanunsu kyauta. An nome tumfafiya da sabarar da suka rufe gindin katangar firamare, an kwashe jujin bakin sito aka kai gonaki, masu gonakin har godiya suke yi. Lungun da ba ya ɓullewa an toshe bakinsa da bulo, da yardar masu gidajen biyu.

An ɗan yi ja-in-ja a kan darbejiyoyi huɗu da ke kan hanyar. Wasu na so a sare su gaba ɗaya wai suna ƙara duhu. Ban goyi bayansu ba, kuma na ji daɗi da Sarkin Noma ya tsaya tsayin daka. Hanyar da ba inuwa, da rana ba mai zama a cikinta, mu kuwa mazauna muke nema. Aka sassabe rassan ƙasa kawai, har inda hannun dogon mutum ke kaiwa in ya miƙa shi, yadda ido zai riƙa wucewa ta ƙarƙashi.

Kada a raina sharar nan. A birnin Filadalfiya na Amurka an yi gwaji a kan filayen da aka yasar, aka share wasu aka shuka ciyawa aka sa ɗan gajeren shinge, aka bar wasu yadda suke. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya nuna harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen waɗanda aka gyara a unguwannin da suka fi talauci. Wurin da aka ga alamar yana da mai shi, mugu yana shakkar sa.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Maganar kwanar sito ta cije. Muna so a rushe kusurwar kangon a ja ta baya, amma siton gado ne da ba a raba ba, magadan kuma ba sa ga maciji da juna. Dagaci ya ce a bar masa.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An kai ruwa rana a kan fitilu. Wani mai neman kujera ya aiko da saƙon zai ba mu babbar fitila ɗaya irin ta filin ƙwallo, a kafa a dandali, da hotonsa a jikin turken. Mutane da yawa sun so ta. Ɗalibin nan na jami'ar Wudil ya fito da mu waje ya haska mana tocila mai ƙarfi a fuska, ya ce wa ya ga wanda ke tsaye a bayana? Ba wanda ya gani, alhali ƙaninsa na nan tsaye taku uku kacal. Haske mai ƙarfi a wuri guda yana kashe ido, kuma yana ƙara wa gefensa duhu. Abin da hanyar ƙafa ke buƙata shi ne matsakaicin haske da ya game ko'ina, ba gurbin duhu a tsakani, har ka iya shaida fuskar mai tahowa tun yana nesa, ka yanke shawarar ci gaba ko komawa. Aka gode wa mai kyautar, aka roƙe shi ya mayar da ita ƙananan fitilu. Har yanzu shiru.

Domin masu tambaya ta waya ko fitila na hana laifi da gaske, ga abin da aka sani. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin Niyok na Amurka, aka jefa ƙuri'a aka ba wasu unguwanni fitilun wucin gadi aka bar wasu. Manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. Amma wani bincike na 2015 da ya duba ƙananan hukumomi 62 a Ingila da Wales, inda aka rage hasken titi don tsimin kuɗi, bai ga laifi ya ƙaru ba. Masu bitar irin waɗannan bincike kuma sun lura cewa a wuraren da gyaran fitila ya yi amfani, har laifin rana raguwa yake yi, lokacin da fitilar ke kashe. Ni abin da na fahimta shi ne fitila ba ta kama ɓarawo. Mutane take jawowa waje, ta sa su ji wurin nasu ne. In an haska inda ba kowa, an dai taimaki ɓarawo ya ga wa ke riƙe da babbar waya.

An amince da fitilun sola 9 daga kuɗin karo-karo.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Fitilu sun tashi. Irin waɗanda fanel da batir da ƙwai duk ke haɗe a kai guda muka saya a Kano, muka ɗora su a kan turakun ƙarfe masu tsayin mita 5, tazarar kusan mita 20 a wurare masu matsi, an ɗan buɗa a fili. Birkila ya zuba kankare a gindin kowanne, fanel ɗin kuma an ɗan kishingiɗar da su suna fuskantar kudu. Mai waldan bakin tasha, da ya gama ɗaure kowane kai, sai ya bi notunan da wuta ya narke musu baki yadda sifana ba za ta kama ba. Na ce, "Malam, ranar gyara fa?" Ya ce, "Ranar gyara ku kira ni da injin yanka. Gara ku sha wahalar kwancewa da a kwance muku."

Daren farko almajiran makarantar allon da ke kusa da kududdufi suka kwaso allunansu suka dawo gindin turke na bakwai, aka huta da neman karan hura wuta.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Hazo ya nuna mana iyakarmu. Ƙura ta lulluɓe fanel, batir ba ya cika, wajen ƙarfe biyu na dare fitilu sun dushe. An samo gora mai tsawo aka ɗaura tsumma, an ba yara biyu aikin gogewa duk Juma'a da ɗan abin sabulu.

Abu na biyu ya fi ciwo. An wayi gari ranar Talata babu kan fitilar kwanar sito, an yanke shi da zarto, waldar ma ba a taɓa ta ba. Sauran takwas suna nan lafiya, kuma duk suna inda wani ke kwana ko zama kusa. Wadda aka sace ita kaɗai ce ba idon kowa a kanta.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi ya kai rabi, kuma a makonnin nan ne aikin ya ɗauki hanyar da nake ganin ita ce daidai.

Duk wanda ya girma a tsohuwar unguwa ya san yadda gidajenmu suke. Zaure yana buɗe yana kallon lungu, maigida na ciki ko yana kan dakali, almajirai na kwana a ciki, tsohuwa na sayar da daddawa a ƙofa. Baƙo ba ya ratsa layi ba a yi masa sannu ba, sannun nan kuma tambaya ce: daga ina, wurin wa? Ginin zamani ya zo da doguwar katanga, da get na ƙarfe, da fasassun kwalabe a sama. Maigida ya tsare cikin gidansa, ya bar wa Allah layin. Gidajen da aka gina a gefen hanyar tasha cikin shekarun nan duk haka suke, kowanne ya juya mata baya. Turawa ma sai da suka yi wannan kuskure a manyan biranensu kafin wata marubuciya mai suna Jane Jacobs ta yi rubutu a 1961 cewa idanun mazauna da masu kantuna ne ke tsare titi, wani masanin harkar laifuka mai suna C. Ray Jeffery kuma ya fito da tsarin hana laifi ta hanyar fasalin muhalli a 1971. Misalin da ya fi kama da namu yana Afirka ta Kudu, a unguwar Khayelitsha da ke gefen birnin Keptawun. Can ma hanyar ƙafa ce daga tashar jirgin ƙasa zuwa cikin unguwa. Da suka haska ta ba su tsaya nan ba, sai suka jera ƙananan gine-gine a kanta, da shaguna a ƙasa da mai kula da ke kwana a ciki, yadda mai tafiya ko yaushe yana hango inda zai ruga.

Mu ba mu da kuɗin bene, amma muna da mai shayi. Mai unguwa ya je ya sami Baba mai shayin tasha, wanda teburinsa ke cunkushe tsakanin wasu masu shayin uku, ya ce ya dawo kwanar sito, kwamiti zai yi masa rumfa da benci, ba haya har shekara. Da fari ya ƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa zai biyo ni cikin kango ya sha shayi?" Abin da ya sauya masa ra'ayi shi ne da aka ce mai cajin waya ma zai koma can, da fanel ɗinsa, kuma za a mayar da fitilar da aka sace. Inda ake caji, nan samari suke.

A nan ne aka yi ta da masu cewa a tashi majalisar samari. Wani dattijo ya ce mun ɗauko kura mun ba ta ajiyar nama. Na fahimci tsoronsa, amma ban yarda da shi ba. Yaran nan 'ya'yanmu ne, an san gidan kowa, kuma mai ƙwace ba ya son inda za a kira sunan ubansa. Aka yi sharaɗi a gaban Dagaci: ba shaye-shaye, ba tsokanar 'yan mata, wanda ya karya a gaya wa mahaifinsa a gaban jama'a. Tun daren goma ga azumi rumfar ke cika daga shan ruwa har sahur. Mata masu zuwa asham sun dawo bin hanyar.

Masu gida biyu kuma sun yarda an fasa musu ƙaramar ƙofa ta baya, an gina dakali a bakinta.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Bayan Sallah muka koma kan ranar kasuwa, wadda matsalarta daban ce. Ba duhu, ba kaɗaici, cunkoso ne. Motocin hatsi da babura da amalanke da masu ƙafa duk a mashiga ɗaya, 'yan sane kuma nan suke cin kasuwarsu, domin wanda ke kauce wa babur ba ya tuna aljihunsa. An binne tsofaffin tayoyi rabi a ƙasa aka shafa musu farin fenti, aka ware wa masu ƙafa gefen rumfuna mai faɗin da mace mai tallan nono za ta wuce da ƙwaryarta ba a bangaje ta ba. Lodi da sauke kaya an mayar da su bayan kasuwa. 'Yan dako sun yi ƙorafin nisa, kuma suna da gaskiya, sai Sarkin Kasuwa ya daidaita su da 'yan hatsi aka ɗan ƙara kuɗin buhu. Masu babur har yanzu suna kutsawa ta tsakanin tayoyin in ba idon Sarkin Tasha.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Masu tambayar ko an ga canji: tun da Baba ya koma kwanar sito ba a kawo wa mai unguwa ƙarar ƙwace daga hanyar ba. Ba zan buga ƙirji da wannan ba, domin wata biyu ba komai ba ne, kuma azumi da zafin bazara da ma suna hana mutane barci da wuri. Sai an ga damina, lokacin da kowa ke shigewa ɗaki tun isha'i.

Akwai kuma abin da bai yi daɗi ba. An ƙwace wayar wani a hanyar makabarta, inda a da ba a taɓa ji ba. Ko masu abin ne suka sauya sheƙa, ko wasu ne daban, Allah masani. Sannan malamar Islamiyya ta kawo kuka cewa hasken ya sa 'yan mata masu talla suna kaiwa sha ɗayan dare a waje, iyaye kuma sun saki jiki tunda akwai fitila. Wannan ba aikin birkila ba ne. An miƙa wa Liman da masu unguwanni, an sa ƙarfe tara a matsayin lokacin tashin 'yan talla, Baba mai shayi ne ke kora su.

Asabar, 21 ga Yuni, 2025

Ruwan daren Laraba ya cika kududdufi ya malalo kan hanya, tsakanin turke na shida da na bakwai ya zama taɓo har ƙauri. Mutane suka koma ratsawa ta cikin gonar bayan firamare, inda ba fitila, gero kuma in ya tashi zai fi mutum tsayi. Duk wahalar da aka sha, in ba a magance wannan ba, daga Yuli zuwa Satumba hanyar ta tashi aiki. An zuba buhunan yashi an jera duwatsu na wucin gadi. Abin da wurin ke so shi ne kwalbati da cikon marmara, kuma abin da aka tara a taron Babbar Sallah bai kai rabin kuɗin ba. An rubuta wa ƙaramar hukuma.

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

Magadan sito sun sauko. Dagaci ya tara su ranar Litinin, babban cikinsu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in kusurwar ce kawai, mun bayar sadaka ga mahaifinmu." An rushe ta ranar Alhamis an ja katangar baya da mita 2, an yanke ta a karkace. Yanzu wanda ke zaune a bencin Baba yana hango rumfunan 'yan hatsi ta hagu, yana hango kududdufi ta dama.

Abin da ya rage: ƙofar ban-ɗakin kasuwa har yanzu tana kallon bayan gari, za a juyo da ita ta fuskanci rumfuna in an sami siminti buhu 6. Batirin turke na uku ya fara rauni. Kwalbati shiru daga ƙaramar hukuma, don haka birkila zai kawo lissafin yin ta da bututun kankare biyu, mu gani ko za mu iya da kanmu kafin ruwan Agusta. Matan da suka yi zagayen Nuwamba za su sake bin hanyar ranar Juma'a bayan magariba, wannan karon har da hanyar makabarta. Zama na gaba Asabar 26 ga wata, a zauren Dagaci, bayan la'asar. Ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da ya fita.